Albasa ɗaya ta isa ɗalibi ya ga ƙwayar halitta da idonsa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin yin magana da 'yan'uwanmu malaman kimiyyar halittu na makarantun karkara. Ɗalibi yakan zana ƙwayar halittar shuka da ta dabba, ya haddace sunayen sassanta saboda jarrabawar WAEC da NECO, alhali bai taɓa ganin ko guda ba. Inda babu madubin likita, wato na'urar da ke girmama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, akwai uzuri. Inda yake kulle a kabad kuwa babu, domin yawancin sauran kayan aikin suna kasuwar ƙauye: albasa, reza, aidin, gishiri da tsinken sakace.

A ɓare albasa a ciri saɓa ɗaya mai kauri. A cikin lanƙwasarsa akwai tantani siriri da ake iya ɗagowa da farce. A yanki wanda bai wuce rabin santimita ba, a shimfiɗa shi a kan ɗigon ruwa bisa gilashin gwaji, a ɗiga aidin ɗigo ɗaya tak. Siririn gilashin rufi ba a sake shi daga sama. Ana dafa gefensa ɗaya a bakin ɗigon, a karkace, a sauke shi a hankali da tsinke. Wanda ya yi gaggawa zai danne iska, ta fito zagaye-zagaye masu baƙin baki, kuma sau da yawa su yara ke zanawa a matsayin ƙwayoyi. Idan tantanin ya naɗe, ko an haɗo da naman albasa, haske ba zai ratsa ba, duhu kawai za a gani.

A fara da ƙaramin idon madubin, wato gilashinsa mai ƙaramin ninki. Na sama mai ninki 10 da na ƙasa mai ninki 10 sun ba da ninki 100, ya kuma isa a ga ƙwayoyin a jere kamar tubalin gini. Layin da ya kewaye kowace shi ne bangon selulos, mai ba shuka tauri. Ɗigon da aidin ya rina ya fi sauran duhu shi ne cibiya, ma'ajiyar gado, mai tafiyar da aikin ƙwayar. Sai hoto ya fito sarai a juya zuwa mai ninki 40, a kuma taɓa ƙaramin maɓallin daidaita hoto kaɗai, don babban na iya sauko da idon ya fasa gilashi. Kada a nemi kulorofilas, korayen ɗigon da shuka ke haɗa abinci da hasken rana a cikinsu, a nan. Kan albasa ajiyar abinci ne, ba ya aikin haske, sai a korayen sassan shuka irin su ganye ake samun su.

Ƙwayar dabba kuwa a bakin ɗalibi take. Ya goga tsinke mai tsabta a cikin kumatunsa, ya shafa a ɗigon ruwa, a sa rinin shuɗin metilin kaɗan. A ninki 400 za a ga ƙwayoyi a warwatse, babu tsayayyar siffa, saboda ba su da bango sai tantanin da ya rufe su. Kowa da tsinkensa, a yar bayan aiki, gilashin a jiƙa shi a bilic. Ba ma goyon bayan a huda yatsan yaro a aji don ganin jini.

Gwajin da ya fi shafar 'ya'yan manoman Kura, Bunkure da Garun Malam shi ne na gishiri. A ɗauki tantanin bayan jar albasa, mai launin, domin launin yana cikin babbar jakar ruwan da ta cika tsakiyar ƙwayar. A narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a ruwa mililita 100, a ɗiga a gefen gilashin rufi, a zuƙe ta ɗaya gefen da takardar tishu. Cikin 'yan mintoci launin zai janye daga bango ya dunƙule, saboda ruwa yana ratsa tantanin ƙwayar ya bi inda gishiri ya fi yawa. A maimaita da ruwa zalla, zai sake cika. Abin da ke faruwa ke nan ga saiwar tumatir idan an zuba yuriya a jikin gindinsa ƙasa na bushe: takin ya janye ruwan ƙwayoyin, shuka ta yi yaushi, a ce taki ya ƙone ta. Shi ya sa ake tona wa taki ɗan nesa da gindi, a rufe, a yi ban ruwa. Ƙwayar jini kuwa da ba ta da bango, a ruwa zalla kumbura take yi ta fashe, don haka ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti giram 9 ne a lita guda.

Madubin kansa yana son kula. Kada a juya shi ya kalli rana kai tsaye, yana illa ga ido, hasken taga ya wadatar. Kada a goge idonsa da bakin riga, ƙurar hunturu tana karce gilashi. Da damina kuma fumfuna ke kama shi, sai a ajiye shi a rufe a wuri busasshe. Makarantar da ba ta da shi ta ara daga maƙwabciyarta na mako guda a zango, a raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar, kowa ya leƙa ya zana abin da ya gani.

Wassalam,
Wasu malaman kimiyyar halittu,
Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano.