Ba don ƙoshi aka rushe dam ɗin ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku kan madatsun ruwa huɗu da aka kammala rushewa a kogin Klamath na Amurka a 2024. Cikin saƙonnin da kuka karanto, wani bawan Allah ya ce Turawa ƙoshi ne ya yi musu yawa, suna fasa dam saboda kifi alhali mu muna kwana a duhu. Na yi dariya, domin ni ma haka na faɗa lokacin da na fara zuwa jihar Washington. Ina roƙon ku ba ni fili in faɗi abin da ya sauya min tunani.

Akwai wani ƙaramin kogi a nan, Elwha, tsawonsa kilomita 72 kacal. A 1913 aka datse shi, kilomita takwas daga bakin teku, a 1927 aka ƙara wani dam a sama mai tsayin mita 64. Dokar jihar ta ce duk mai datse kogi ya bar wa kifi matakala, amma ba a bari ba. Aka gina gidan ƙyanƙyasar kifi a madadinta, shi kuma bai kai ko'ina ba, aka rufe shi a 1922.

Kifin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda suke kira steelhead, wato mai kan ƙarfe. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyasarsa, ya gangara tekun Pasifik ya yi shekara biyu ko uku yana kiwo, sannan ya juyo ya hauro kogin da aka haife shi don ya zuba ƙwai cikin tsakuwa. Ɗan'uwansa salmon daga ya zuba ƙwai sai mutuwa, shi kuwa wani lokaci yakan koma teku ya sake dawowa. Abin mamakin, shi da wani kifi da ke zama a rafi bai taɓa ganin teku ba jinsi ɗaya ne. Uwa ɗaya za ta haifi mai tafiya ci-rani da mai zaman gida.

Wannan ɗabi'a ce ta cece shi. Waɗanda dam ya tsare a sama sun yi kusan shekara ɗari suna haihuwa a can, ƙanana, ba hanyar fita. Majalisar dokokin Amurka ta amince da gyaran kogin tun 1992, bayan 'yan ƙabilar Klallam, masu ƙasar na asali, sun daɗe suna kuka. Ba a fara aikin rushe dam biyun ba sai 2011, aka gama a 2014. Cikin 'yan shekaru sai ga masu bincike suna ƙirga ɗaruruwan steelhead masu haurowa da rani, irin da aka riga aka fidda rai da su. Ba wanda ya zubo su daga tanki. Jikokin waɗancan tsararrun ne suka ga hanya a buɗe suka bi.

Na je wurin da kaina. Hanyar motar ma kogin ya cinye ta tun da aka sake shi, sai da muka taka da ƙafa, ni da wani abokin aikina. A wani gurbi mai zurfi ya ce in tsaya kar inuwata ta faɗa ruwa. Na daɗe ban ga komai ba sai koren ruwa da duwatsu. Can sai dutse ɗaya ya kaɗa wutsiya. Tsawonsa ya kai hannuna daga kafaɗa, yana fuskantar igiyar ruwa, ko gezau. Ni da na tashi gidan masunta, hannuna har ƙaiƙayi ya yi, amma an hana kamun kifi a kogin tun 2011, in ban da ɗan kamun salmon da aka buɗe wa 'yan ƙabilar a 2023.

Ga amsata ga mai maganar ƙoshi: wutar da dam biyun nan suke bayarwa ba ta kai rabin abin da masana'antar takarda guda ɗaya take sha ba. Lissafi aka yi, aka ga abin da aka toshe ya fi abin da ake samu. Kuma ba a ce an gama ba. Har yanzu kifin nan yana cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana a wannan yanki, tun 2007, ɗumamar teku kuma ba ta jin maganar kowa.

Ban ce a taɓa Tiga ko Challawa ba, Kano na sha daga gare su. Amma duk wanda ya san fadamar Haɗejiya zuwa Nguru ya san yadda ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Don Allah ku tura wakilinku ya zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta na can, su lissafa masa irin kifayen da suka daina gani a komarsu.

Naku mai sauraro,
wani ɗan Haɗejiya mazaunin Seattle, Amurka