Ba kullum ne laifin kamfanin intanet ba, a duba suwic ɗin ofis

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da kai da ma'aikatan wannan jarida. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da shugabannin ma'aikatu da asibitoci da makarantu da kamfanoni kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, ni da sana'ata ke nan haɗa netwok.

Kusan duk ofishin da ka shiga kukan ɗaya ne, ana mitin ta Zoom ko Teams murya na yankewa, wayar tebur mai aiki da intanet magana na zuwa guntu-guntu, nan take oga zai ce netwok ba kyau a kira kamfanin intanet a ƙara megabit, kuɗin wata ya ƙaru, bayan kwana biyu matsala ta dawo yadda take. Wani lokacin da gaske laifin kamfanin ne ban musa ba, amma wallahi sau da yawa ciwon yana cikin gida, a wannan akwatin mai ƙyafta fitilu da ke ɗakin saba wanda muke kira suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da wayoyin ofis da juna, an saye shi da tsada an jona kebul an rufe ɗaki, ba wanda ya taɓa shiga cikinsa ya yi masa saiti.

Ga yadda abin yake. Suwic mai rami 48, kowane rami gigabit 1, amma sau tari kebul ɗin da ya haɗa shi da babban suwic na gini shi ma gigabit 1 ne kacal, kenan duk abin da mutanen benen nan suka turo ta ƙofa ɗaya zai fita. Idan kaya suka yi yawa a lokaci guda sai su hau layi a ɗan rumbun ajiyar suwic ɗin, in rumbun ya cika sai ya fara zubar da duk wanda ya zo daga baya, bai san murya ba bai san fim ba. Kamar wajen injin niƙa ne, yarinya ta zo da gwangwanin tattasai tukunya na kan wuta, gabanta kuma masu buhunan masara ne, in mai inji na da hankali zai ce a bar ta ta wuce tunda nata ba ya cin lokaci, masu buhu ba abin da suka rasa. To aikin saitin da ake kira QoS ke nan, suwic ya san wa zai fara wucewa idan hanya ta cushe.

Kuma murya ba ta da ci ko kaɗan. Kira ɗaya na G.711, wato tsarin tura murya da wayoyin tebur ke amfani da shi, kilobit 64 ne a sakan, da kayan naɗinsa ma bai kai 100 ba, sai dai fakiti 50, wato ƙananan ƙunshin bayanai, yake turawa duk sakan, ɗaya bayan kowane milisakan 20, kuma dole su isa a jere kan lokaci. Hukumar sadarwa ta duniya ITU a ƙa'idarta G.114 ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150. Imel in ya makara da sakan 2 ba wanda zai sani, fayil in ya rasa fakiti za a sake turo shi, amma kalmar da ta ɓace a cikin kira ta tafi ke nan. Shi yasa za ka ga an duba jadawalin yawan amfani da layi an ce ai layinmu ko rabi bai cika ba amma kira na kakkatsewa, saboda cunkoson na ƙiftawar ido ne, jadawalin da ke ɗaukar matsakaicin minti 5 ba zai taɓa nuna shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai maganin ba sabo ba ne. Tun 1998 aka fitar da ƙa'idar 802.1p mai ba fakiti daraja daga 0 zuwa 7, a ƙarshen shekarar kuma aka fitar da DSCP, wani tsarin yi wa fakiti tambarin daraja mai lambobi guda 64, murya ana mata tambarin 46, bidiyon mitin 34, kayan da ba gaggawa irin su daunlodin a ba su 8 su jira. Microsoft ma da kansu sun rubuta lambobin da za a sa wa Teams, 46 murya, 34 bidiyo, 18 nuna allo. Suwic ɗin Cisco ko Aruba ko Huawei da aka riga aka biya duk sun iya wannan, ba sai an sayo komai ba.

Na taɓa aiki a wani asibiti mai zaman kansa, kyamarorin tsaro da kwafin bayanai da ake turawa saba da tsakar rana da wayoyin ɗakin gaggawa duk a kebul ɗaya kuma a layi ɗaya, nas tana kiran likita magana na tsinkewa, har an fara shirin canza kamfanin intanet alhali kiran ma ko fita daga ginin ba ya yi. Raba VLAN muka yi, wato muka ware wa kowane aiki nasa ɓangaren netwok a cikin suwic, aka ba murya layin gaba, aka mayar da kwafin bayanai dare. Ko kwabo ba a ƙara wa kuɗin wata ba.

Ku kuma 'yan uwana masu sana'a a yi hattara, kunna QoS da ka ya fi barinsa haɗari. A tsofaffin suwic ɗin Cisco Catalyst irin su 2960 da 3560, da zarar ka buga umarnin kunna QoS, wato mls qos, duk ramin da ba ka ce a yarda da tambarinsa ba zai goge shi ya mayar 0, ka ga wayar ta yi tambari daidai suwic ya share. In kuma ka yarda da kowane rami, duk wanda ya san kan kwamfuta zai iya manna wa daunlodinsa 46 ya shige gaba. A yarda da wayar tebur, kwamfutar ma'aikaci kuwa suwic ne zai mata tambari. Layin gaban nan kuma a sa masa iyaka, Cisco na cewa kada ya wuce kashi 33 cikin ɗari, in ba haka ba sauran aiki zai tsaya cak. Kuma kada oga ya matsa a sa kwamfutarsa gaba da kowa, da aiki ake ba da daraja ba da kujera ba.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa wa masu ofis, tambarin nan galibi ba ya aiki a buɗaɗɗen intanet, kamfanoni na share shi ko su ƙi kula shi. Abin da ke hannunka shi ne rautarka, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, in an ba ka megabit 50 ka ƙayyade wajen 45 don layin ya taru a wajenka inda kai ke da iko, ko ƙaramar rautar MikroTik ma za ta yi wannan.

Roƙona ga masu ba da kwangila, ku daina karɓar aiki don kawai fitila ta yi kore. A rubuta a takardar kwangila cewa sai an yi saitin QoS, a gwada kira ana tsaka da tura babban fayil a gaban idonku, a miƙa wa ma'aikacin ICT na ofis kwafin saitin da lambar sirri, sannan a sa hannu a biya ragowar kuɗi.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai haɗa netwok daga Kaduna