A gyara ƙofa da tagogi kafin a tara jama'a

Malam Edita,

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu shirya tafsiri, ɗaurin aure da gangami a Jos. Bayan ɓullar korona a Najeriya a Fabrairun 2020, an riƙa dagewa da tazarar sahu a cikin masallaci, amma a bar ƙofar fita guda. Da an sallame sai a cunkushe wajen neman takalma, tazarar ta tashi a banza. A buɗe ƙofofin fita da yawa, a riƙa sallamar jama'a sahu-sahu.

Sanyin Jos ma yana jawo matsala. Lokacin hunturu akan rufe tagogi ruf, numfashin mutane ya taru a ɗaki, nan ne cutar ke yawo. Gara a buɗe tagogi masu fuskantar juna, kowa ya zo da rigar sanyi. Fanka a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi.

Bokitin wanke hannu ya zama mai famfo, da sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu kuwa bai da amfani. Man tsabtace hannu ya kasance yana da sinadarin alkohol kashi 60 cikin 100 aƙalla. Takunkumi ya rufe hanci da baki, ba haɓa kawai ba.

Mai zazzaɓi ko tari ya zauna a gida, a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lambar waya 6232.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Jos