Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Sadarwa: a dawo wa Gusau da layin da ke shiga gida

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ni mai shagon kwamfuta ne a Tudun Wada, cikin garin Gusau. Buga takardu nake yi, da cike wa yara fom na jarabawa, da biya wa mutane kuɗin makaranta ta intanet. Kukana ɗaya ne: a duk layin shagunan da nake, babu ɗaya da kebur ɗin intanet ya shiga. Mu duka da ƙarfen sabis muka dogara. Ranar da ya tsaya, kasuwarmu ta tsaya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun taɓa samun layi a garin nan. Na fara ganin intanet a ofishin wani yayana, farkon shekarun 2000, a kan wayar girke ta NITEL, kamfanin tarho na gwamnati a lokacin, mai lambar 063. Ya zare igiyar daga jikin tarho ya soka a bayan kwamfuta, modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya buga lamba, sai ƙara ta tashi kamar ana soya gyaɗa da yashi, can kuma ta yi tsit. Wannan shirun shi ne alamar an shiga. Hoto ɗaya yakan sauko daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, kana zaune kana jiransa. Iyakar gudunsa kilobit 56 ne a daƙiƙa, shi ma ba kullum yake kaiwa ba. Muddin kana ciki ba mai samunka a waya, kuma in wani ya ɗaga kan tarho a ɗaya ɗakin, komai ya yanke. Duk da haka, ranka ya daɗe, layin nan namu ne. Daga ofishin tarho ya taso, ya bi ta ƙarƙashin titi, ya hau turke, ya shigo ta saman taga. Yana da adireshi, kuma in ya lalace akwai wanda zai zo da tsani ya gyara.

Ka fi ni sanin abin da sauran ƙasashe suka yi da irin wannan layin. Sun lura cewa murya ɗan ƙaramin wuri take ci a jikin wayoyin jan ƙarfe biyun nan, sauran filin a banza yake. Sai suka ɗora intanet a kan filin da ya rage, suka sa ɗan akwati a bango yana raba murya da intanet, mutum yana magana a tarho kwamfutarsa tana aiki. Shi ne DSL. Wanda aka fi sa wa gidaje yakan kai megabit 8, wanda ya biyo bayansa ya kai 24, kuma ba sai an buga lamba ba, dare da rana yana kunne. Sharaɗinsa kawai kada gidanka ya yi nisa da ofishin tarho fiye da kilomita 5 ko makamancin haka, domin ƙarfinsa raguwa yake yi da tsawon waya. Dubi Gusau ta wancan lokaci: Kanwuri, Sabon Gari, Tudun Wada, Tsohuwar Kasuwa, duk a kusa suke da juna. Gari ne da ya dace da wannan fasahar. Masar ta yi, Maroko ta yi, Afirka ta Kudu ta yi, duk a kan tsofaffin layukan tarhonsu. Daga baya da faiba ta zo, wato kebur mai zaren gilashi da ke ɗaukar intanet da haske, sai suka riƙa bin ramukan da turakun da suke da su tun asali.

Mu kuwa a 2001 wayar salula ta shigo, kowa ya yi murna, ni ma na yi. Amma daga nan aka juya wa layin ƙasa baya. Na ga turaku suna karkacewa ba mai miƙe su. Na ga an buɗe murfin rami da dare an janye kebur, an ƙona robar an sayar da jan ƙarfen a kilo. A 2015 aka miƙa abin da ya rage na NITEL ga sababbin masu shi a kan dala miliyan 252, kuma har yau ban ga wani layin ƙasa ya dawo unguwarmu ba. Matakin nan na tsakiya, wanda ya koya wa wasu ƙasashe kai intanet har cikin ɗaki, mu tsallake shi aka sa muka yi. Ba tsalle ne na ci gaba ba. Rami aka bar mana a baya, kuma a 2021 muka faɗa cikinsa.

Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jiha, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce da farko. Sai 1 ga Oktoba sabis ya dawo cikin Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da zama a duhu har wajen ƙarshen Nuwamba. Ban zo in yi jayayya da dalilin tsaro ba. Na rasa mutane a hannun 'yan bindiga, kamar yadda kusan kowane Bazamfare ya rasa, kuma da an ce kashe sabis na shekara guda zai dawo da su, da na yarda. Abin da nake so ka gani shi ne yadda garin ya kasance da aka kashe ƙarafan nan.

Na'urar POS ta zama dutse a hannun masu ita. Ɗan kasuwa yana da kuɗi a asusu, ba shi da hanyar tura wa mai kaya a Kano. Wata yarinya ta zo shagona da mahaifinta, takardunta a cikin leda, tana da kwana uku kacal ta ɗora sakamakonta a shafin makarantar da ta nema. Ina da kwamfuta shida, janareta yana aiki, fanka tana juyawa, amma ba abin da zan iya yi mata. Washegari na sa ƙaramar kwamfutata a jaka tare da takardun mutum tara, nata a ciki, na shiga motar Funtuwa. Muka bi ta Kwatarkwashi, muka wuce Tsafe, muka ratsa 'Yankara, hanyar da kowa ya san halinta, ba mai magana a motar sai salati. A gindin wata bishiya na zauna na yi aikin, kewaye da 'yan Gusau kowa da waya a kunne. Bayan 'yan kwanaki aka kashe sabis ɗin Funtuwa ma, sai tafiya ta koma Zariya ko Sakkwato. Mutum ya sayar da ransa a hanya don ya aika takarda mai shafi biyu.

A motar nan ne na yi tunanin layin yayana. Ɗan bindiga a cikin daji yana iya ɗaukar waya a aljihu, ya hau dutse ya nemi sabis. Ba ya iya ɗaukar kebur ɗin da aka binne ya shiga shago mai lamba a kan titi. Layin da ke shiga gida an san inda ya fara, an san inda ya ƙare, an san sunan mai biyan kuɗinsa. Da a ce shagunanmu da makarantunmu da ɗakunan shan magani suna da irin wannan layin, da an kashe ƙarafan sabis an bar gari yana numfashi. Jihar da tsaro zai iya tilasta a kashe mata sabis ita ce ta fi kowace jiha buƙatar layin ƙasa. Ban taɓa jin an faɗi wannan a wani taron sadarwa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada ka ɗauka sai an kashe sabis muke shan wuya. Ƙarfen sabis da man dizal yake aiki, kuma akwai garuruwan da direban tankar ba ya yarda ya shiga. In man ya ƙare, gari ya yi shiru. A shagona layuka uku nake da su na kamfanoni uku, ina sauya su kamar mai gwada makulli a ƙofa. Akwatin intanet ɗina a kan ƙusa yake rataye a jikin taga, don nan ne kawai yake kama sanda biyu. Lokacin rajistar JAMB, yara suna cika benci tun bayan asuba, sai in kai shafin ƙarshe na biyan kuɗi, abin nan ya yi ta juyawa, ya yanke. An cire kuɗin yaro, rasit bai fito ba. Uban yaron ni ya sani, ni zai riƙe. Sau da yawa sai ƙarfe biyun dare nake dawowa shago in ƙarasa aikin rana, lokacin da mutane suka yi barci layi ya sami sauƙi. Ga shi data awo ake sayar mana kamar gero a mudu, alhali mai sana'a abin da yake buƙata shi ne layin da zai biya kuɗin wata ya yi aiki ba tare da yana leƙa abin da ya rage ba. An ce mu sayi Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo ƙasar nan a 2023. Kuɗin kayansa kaɗai ɗaruruwan dubban naira ne, ban da na wata. Mai buga takarda a kan naira ɗari a ina zai samo su?

Yanzu bari in tuna maka alkawura, tunda alkawari kaya ne. A 2020 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin intanet mai sauri na shekara biyar. A ciki aka rubuta cewa zuwa 2025 masu amfani da intanet mai sauri za su kai kashi 70 cikin ɗari na jama'a, gudun zai kai megabit 25 a birane da 10 a karkara, kuma gigabait ɗaya ba zai wuce naira 390 ba. Na san ba a hannunka aka rubuta shi ba, amma ka gaji kujerar da takardunta. Shekarar ta zo ta wuce, alƙaluman NCC kansu wajen rabi suka tsaya, kuma mafi yawan abin da aka ƙirga na wayar hannu ne. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, aka ce aiki zai inganta. Ƙarin ya iso Gusau a kan lokaci. Ingancin muna jiransa.

Sai naka alkawarin, wanda shi ne ya sa har yanzu ban yanke ƙauna ba: kilomita 90,000 na faiba, a ƙara a kan 35,000 da ake da su, da kuma haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet. Wallahi ranar da na ji wannan na yi farin ciki. Amma ina jin tsoro, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsorona shi ne kebur ɗin ya bi babban titin Funtuwa zuwa Sakkwato, ya shayar da ƙarafan sabis, ya leƙa sakatariya, ya wuce mu. A rubuta a takarda cewa an haɗa Zamfara, alhali tsakanin kebur ɗin da ƙofar shagona mita ɗari biyu ne da ba wanda ya ɗauki nauyinsu. Waɗannan mitocin na ƙarshe su ne duk maganar. Su ne wayar girke ta cike mana a da, su ne DSL ya cike wa wasu.

Ba cewa nake yi a dawo da jan ƙarfe ba. Zamaninsa ya wuce, waɗanda suka ci moriyarsa ma cire shi suke yi. Magajinsa nake roƙo. Don Allah, ranka ya daɗe, ka fitar da taswirar aikin nan a fili, da Hausa, mu ga kilomita nawa ne rabon Zamfara, mu ga ko zai shiga Ƙaura Namoda da Talata Mafara da Gummi da Shinkafi da Anka, ko kuwa Gusau kaɗai zai taɓa, mu ga watan da za a fara haƙa. Ka gaya mana wa zai ja layin daga bakin titi zuwa cikin unguwa. Manyan kamfanoni za su ce babu riba a nan, mun saba jin haka. To ai don irin wuraren da babu riba dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, na tallafa wa kai sadarwa inda ba ta kai ba. A tallafa wa ƙananan kamfanoni da shi, a sayar musu da intanet a kan sari mai sauƙi, su raba wa kasuwanni da unguwanni. Akwai samari a garin nan da suka iya haɗa faiba da hannunsu, wasunsu suna Abuja da Kano suna yi wa wasu aiki saboda a gida babu.

Sauran batutuwan ka san su. Kuɗin izinin binne kebur da aka daidaita a kan naira 145 kowace mita magana ce tsakaninka da gwamnoni. Masu aikin titi da ke tsinke kebur da katafila, a sa su yi magana da masu kebur kafin su fara. Wutar lantarki kuma ba ma'aikatarka ba ce, na bar ta.

Idan hanya ta kawo ka Gusau, kada a tsaya da kai a ɗakin taro. Gani ya kori ji. Ka zo Tudun Wada da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ka zauna a bencina ka gwada ɗora hoton fasfo guda ɗaya. In ka fito zan nuna maka ramin tsohon kebur ɗin tarho, taku biyar daga ƙofata. Murfinsa ya daɗe da tafiya, mun rufe bakin da katako don kada yara su faɗa. Bututun yana nan a ciki, na zura sanda na ji, bai toshe ba.

Na gode.

Naka,
Mai shagon kwamfuta,
Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara.