Gubar Agbogbloshie ba ta tashi tare da 'yan gwangwan ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da aka rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie da ke Accra a watan Yulin 2021, wasu ke magana kamar an kashe wutar ke nan. Katafila ta kwashe rumfuna, amma abin da ƙona wayoyin lantarki na shekara da shekaru ya bari yana nan kwance. Idan aka ƙona robar waya don ciro jan ƙarfe, kulorin da ke cikinta kan haifar da gubar dayoksin, wadda da ƙyar take narkewa a ruwa, sai dai ta manne wa laka da kitsen dabba. A 2019 ƙungiyoyin kare muhalli na IPEN da Basel Action Network sun gwada ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, suka ce dayoksin da ke cikin ƙwai ɗaya ya ninka sau 220 iyakar da Turai ta ƙayyade jikin mutum ya ɗauka a yini guda. Kazar kuwa tono kawai ta yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne akwai bakteriyar da ke iya karya wannan guba. Wata mai suna Dehalococcoides tana rayuwa a can ƙasan taɓo inda babu iska, tana ciccire kulorin daga jikin dayoksin ɗaya bayan ɗaya. Masana a Jamus suka tabbatar da haka a 2003. Wata kuma, Sphingomonas wittichii, da aka samo a kogin Elbe, sai da iska take aiki, ita ke farfasa ragowar idan kulorin ya yi ƙaranci. Aikinsu na da nawa matuƙa, kuma idan ya tsaya a rabi, abin da ya rage kan iya zama guba har yanzu. Amma ɗaya hanyar na da tsada: a filin jirgin Da Nang na Biyetnam sai da aka gasa ƙasa a zafin digiri 335 don kawar da dayoksin, aka kashe sama da dala miliyan 100. Wa zai ba mu wannan kuɗi?

Don Allah ku tura wakilinku hukumar kare muhalli da jami'ar Legon ya tambaya: an taɓa duba lakar kogin Odaw da ta tafkin Korle da ke kusa da wurin ko irin waɗannan halittu suna ciki? Kuma lakar da ake yashewa kafin damina, ina ake jibge ta? Kafin amsa ta zo, ina roƙon limamanmu su faɗa a masallatai cewa a daina sakin kaji da awaki su yi kiwo a filin.

Naku mai karatu,
daga Sabon Zongo, Accra.