Kaisar na gabas da sarakunan yamma: akwai gyara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalar shafinku na tarihi, inda marubucin ya ce daular Rum ta ƙare a shekarar 476, wai daga nan sarakunan yammacin Turai kowa ya kama gabansa. Na yi shekaru ina koyar da tarihi kafin in yi ritaya, kuma ni ma haka na riƙa faɗa wa ɗalibai, sai daga baya na gane da sauran magana.

Gaskiya ne Odowasa, wani shugaban sojoji a Italiya, ya tuɓe yaron nan Romulus, Kaisar na yammacin daular, a 476. To, amma me ya yi da kayan sarautar? Tattara su ya yi ya aika wa Kaisar Zeno, mai mulkin gabashin daular Rum daga Kustantiniyya, yana neman a bar shi ya riƙe Italiya da sunan Kaisar. Tiyodorik na Gotawa ma, wanda ya kashe Odowasa a Rabenna a 493, da yawun Zeno ya taho. Shi kuwa Kulobis, sarkin Firankawa, da Kaisar Anastasiyus ya aiko masa da takardar muƙamin girmamawa a 508, alkyabba shunayya ya yafa a garin Tur, ya hau doki yana watsa wa jama'a zinariya da azurfa. Mutum da takobinsa ya ci ƙasa, ga shi yana rawar jiki kan takardar wanda bai taɓa gani ba!

Ni dai hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce kuɗi. Sarakunan nan suna buga tsabar zinariya a ƙasashensu, amma sunan Kaisar da hotonsa suke sawa. Sai jikan Kulobis, Tiyodebat, da ya hau mulki a 534, ya yi ta maza ya buga nasa sunan. Abin bai yi wa mutanen gabas daɗi ba. A ganinsu zinariya ta Kaisar ce shi kaɗai.

Kada a ce ladabi ne zalla. Akwai tsoro: a 533 Kaisar Jastiniyan ya tura kwamandansa Belisariyus ya murƙushe Bandalawa a arewacin Afirka, sannan ya juyo kan Italiya.

Ko da Fafaroma Liyo na uku ya naɗa Shalman, sarkin Firankawa, a matsayin Kaisar a 800, sai a 812 Kustantiniyya ta yarda ta kira shi da wannan laƙabi, shi ma ba ta ce "na Rumawa" ba. Ina fata marubucin zai sake waiwayar wannan.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi