Sanarwa: Fita ɗaukar hoto a tsohon asibitin Beelitz

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Kamar yadda muka tsayar, Asabar mai zuwa za mu Beelitz-Heilstätten, tsohon asibitin masu tarin fuka da ke kusa da Berlin. An fara gina shi a 1898, sojojin Tarayyar Sobiyet, daga baya na Rasha, kuma suka riƙe shi daga 1945 har 1994. Wasu gine-ginen sun zama kango, har akwai wanda bishiyoyi suka tsiro a kan rufinsa. Abin sai wanda ya gani.

Mu haɗu a babbar tashar jirgin ƙasa ta Berlin da ƙarfe takwas na safe, jirgi mai lamba RE7 za mu hau. Wanda ya makara ya biyo mu.

Kowa ya tura wa ma'aji kuɗin tikitinsa kafin daren Alhamis, don da ɗan jagora ake shiga ciki. A sa takalmi mai tauri, ƙasan duk fasassun gilasai ne da tayil. A zo da tocila da ƙarin batirin kyamara. Don Allah kada kowa ya tsallake shinge saboda hoto, benayen sun ruɓe. Ko ƙusa kada a ɗauko.

Shayi da tabarmar sallah suna wuyana.

Allah ya kai mu lafiya.
Naku, mai kula da rukuni